Sana'ar Gwada Batirin Tocila a Gadarif

Shagona ƙarami ne a gefen kasuwar Gadarif da ke gabashin Sudan, kuma mu uku ne a ciki: ni da ƙanena da wani ɗan yayata da ke koyon aiki. Muna sayar da tocila da caja da ƙananan farantan sola, amma abin da ke riƙe da shagon shi ne batirin caji na litiyam, wanda ake kira 18650 saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Kowa na iya saro shi a kwali ya zube a faranti. Mu abin da muke sayarwa shi ne batirin da aka gwada, aka rubuta ainihin ƙarfinsa a jikinsa da alƙalami.

Masu sayenmu yawanci mutanen gona ne. Da damina direbobin tarakta har dare suke kai wa suna aiki, a kaka kuma masu gadin riɗi da dawa a daji suke kwana, inda maciji da kunama ba sa sallama. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan mutanen Wad Madani sun kwararo garin nan a ƙarshen shekarar, ga yawan ɗauke wuta, tocila ta zama kayan gida kamar buta. Inda ciniki ya buɗe kuwa, nan jabu ke shigowa.

Gwajin farko ba ya buƙatar ilimin lantarki ko kaɗan, sikeli kawai yake so. Batirin 18650 na ƙwarai nauyinsa tsakanin giram 45 ne zuwa 48. Ran nan wani dattijo mai gadin gona ya shigo da guda biyu masu jar riga, an zana musu harshen wuta, an rubuta 9900mAh ɓaro-ɓaro, wato yawan cajin da wai suke iya riƙewa. Ya ce, "Ɗana, duba mini tocilar nan, ina jin ita ce ta lalace. Kafin in idar da sallar isha'i haskenta ya koma ja." Na ce, "Baba, kawo batirin tukuna." Na ɗora ɗaya a ɗan sikelin da muke da shi irin na masu gwal, ya tsaya a giram 29. Sai na ɗauko na gaske na sa masa a hannun dama, nasa a hagu. Ya jinjina su, ya yi shiru, sannan ya ce, "To wannan ai fanko ne." Tocilarsa lafiyarta ƙalau. Mafi ƙarfin batirin wannan girman da manyan kamfanoni suka saba fitarwa yana wajen 3500mAh ne, irin su Samsung 35E da LG MJ1 da Panasonic NCR18650GA. Duk wanda ka ga an rubuta masa dubu shida ko dubu tara, ba ma sai ka gwada ba. Idan aka fasa irinsu, sau da yawa ɗan naɗin ciki bai cika gwangwanin ba, wasu ma har gari ake ɗura musu don su yi nauyi, abin da ya sa sikeli shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Hukunci na wajen na'urar gwaji. Muna da irin LiitoKala Lii-500 mai gurbi huɗu, kuma na zaɓe ta ne don tana aiki da volt 12, sai na jona ta kai tsaye da batirin solar shago. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a nan, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar gwaji, sai an koma farko. Na'urar tana cika batirin zuwa volt 4.2, ta zuƙe shi a hankali har ya sauko kusa da volt 3, tana ƙirga abin da ya fito. Batiri mai 3000mAh, idan ana jan 500mA, zuƙewar kaɗai awa shida take ci, ban da cikawa kafin nan da bayan nan. Shi ya sa nake dariya in mai saye ya ce in gwada masa yanzu-yanzu yana tsaye. Abin da mita ke nunawa nan take volt ne, kuma mataccen batiri ma yana iya nuna 4.1 ya ruɗe ka.

Akwai abu na biyu da mutane ba su cika kulawa da shi ba, wato turjiyar cikin batiri. Tulu biyu na iya ɗaukar ruwa daidai, amma mai ƙaramin baki ba zai zubo maka da sauri ba. Sabon batiri mai kyau turjiyarsa 'yan gomomi ce a ma'aunin turjiya na milliohm, in ya tsufa sai ta hau. Irin wannan tsohon, a ƙaramar tocila zai yi ta aiki ba ƙorafi, amma ka sa shi a babbar fitilar goshi, da ka kunna haske mai ƙarfi volt ɗinsa zai faɗi, jikinsa ya ɗau zafi. Lambar da caja mai gurbi huɗu ke bayarwa a nan ba ta da tabbas sosai, ko dattin bakin batiri na iya canza ta, don haka nakan goge bakin in maimaita, in kuma kwatanta shi da sabon da na amince da shi.

Daga nan sai zaɓe, kuma a nan ne nake yawan jayayya da samari. Kowa babbar lamba yake so. Alhali kamfanonin sun raba aikin: Samsung 25R ƙarfinsa 2500mAh ne kawai, amma yana jure jan amfiya 20 (ma'aunin yawan wutar da ake ja a lokaci guda), 30Q kuma 3000mAh da amfiya 15, shi kuwa 35E mai 3500mAh bai wuce amfiya 8 ba. Tocilar mai gadi da wuya ta ja fiye da amfiya biyu ko uku, don haka 35E ya fi masa, zai kai shi asuba. Kafintan da ya kawo injin huda itace a sake masa batura, in ka sa masa 35E ka cuce shi. Sannan a duba bakin: akwai mai shafaffen kai, akwai mai tsini, kuma wasu tocilolin sai mai tsini suke taɓawa. Mai ɗan allon kariya a gindi ya fi tsawo da 'yan milimita, wani lokaci murfi ya ƙi rufuwa, amma ga tocila mai arha wadda ba ta san ta kashe kanta ba in batiri ya yi ƙasa, shi nake ba da shawara. Tocila mai cin biyu a jere kuwa, ba na sayar da ɗaya. Biyu nake haɗawa masu ƙarfi ɗaya, in yi musu alama iri ɗaya, in ce tare za a caje su, tare za a yi ritayarsu.

Sabon batiri na asali yana da tsada, hanyarsa daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan kuma ba kullum take da sauƙi ba, saboda haka rabin kayanmu daga tsofaffin batiran laftof muke ciro su. Yaron nan shi ke fasa robar, ya zaro guda shidan da aka saba samu a ciki, ya yanke ƙarfen da ya haɗa su da filaya, ya daddanne tsinin da ya rage. Duk wanda mita ta nuna ƙasa da volt 2, gefe yake zuwa, ba ma ƙoƙarin tashinsa, domin wanda ya daɗe a kwance haka cikinsa kan lalace, ya zo ya yi gobara a ɗakin mutum. Sauran a caje su muna taɓawa da bayan hannu, wanda ya yi zafin da ba a iya riƙewa ya bi na farko. Waɗanda suka tsallake sai a ajiye su mako biyu a sake aunawa, wanda ya zubar da cajinsa yana zaune ba na sayarwa ba ne. Da wuya rabi su kai ƙarshe. Wanda rigarsa ta yage kuma sai an sake masa sabuwa da zoben takardar da ke kansa, don gwangwanin gaba ɗayansa nagatif ne, kuma a wajen kai tazarar da ke tsakaninsa da fozitif ba ta taka kara ta karya ba. Makulli ɗaya a aljihu ya isa ya haɗa su.

Ɗaliban da makaranta ta tsaya musu sun zama abokan cinikina na musamman. Wannan yana haɗa fawa bank, wancan fanka, wani motar wasa mai tafiya da rimot. Nakan sayar musu da ɗan allon caji na TP4056, in roƙe su kada su ɗora dalma kai tsaye a kan batiri, su kawo in ɗana musu da injin walda na tabo, kyauta in 'yan kaɗan ne. Ina kuma ja musu kunne a kan batirin 14500, wanda girmansa ɗaya da batirin rediyo na AA amma volt 3.7 yake bayarwa maimakon 1.5. Rediyon iyaye nawa ya ƙone ta wannan hanyar, Allah kaɗai ya sani.

Babban abokin gabarmu zafi ne. A watan Afrilu da Mayu garin nan yakan haura digiri 40, batirin litiyam kuma ba a son a caje shi sama da 45. Direban da ya bar tocilarsa a gaban gilashin tarakta tun hantsi, ko batirin babban kamfani irin Murata ya saya, ba zai ga daminar baɗi da shi ba. A shago ba ma gwaji da tsakar rana ƙarƙashin kwano, sai da safe ko bayan la'asar. Kayan ajiya kuma ba ma barinsu cike, a volt 3.7 muke tsayar da su, cikin akwatin roba mai gurbi-gurbi, a ƙasa inda ya fi sanyi, sai ranar da za su fita a cika su. Matattun muna liƙe bakinsu da salatif mu jera su a bokitin ƙarfe mai yashi a bayan shago, nesa da buhunan gawayin maƙwabcina.