Lissafin share fage a Prolog, da inda gizo ke saƙar

Abin da ya sa nake son Prolog, wani yaren rubuta firogiram na kwamfuta, shi ne kai dai ka faɗa wa kwamfuta abin da kake nema, ita ta san yadda za ta lalubo shi. Amma fa sauƙin nan yana cin lokaci, sai ka ga firogiram ya fito tsaf gwanin kyau amma wajen gudu sai tafiyar hawainiya. To a nan ne lissafin share fage yake da amfani, wato wani firogiram ya ɗauki naka ya duba bayanan da aka riga aka sani tun yanzu, ya gama lissafinsu, ya ba ka sabon firogiram da ba ya ɗauke da komai sai ragowar aikin.

Misali ka rubuta dokar ninka x da kansa sau n. In an san n ɗin 3 ne, me ya sa za a riƙa duba ko n ta kai 0, a rage 1, dokar ta sake kiran kanta, kullum kullum? Ana warware kiran sau uku, abin da ya rage shi ne x*x*x kawai, shi kenan.

Yoshihiko Futamura ɗan Japan ya hango abin tun 1971, ya nuna in ka yi wa firogiram mai fassara (wanda ke karanta wani firogiram yana aiwatar da shi kai tsaye) wannan aikin a kan firogiram guda, abin da zai fito tamkar kwamfaila ce, wato firogiram mai mayar da rubutaccen firogiram zuwa sigar da kwamfuta ke gudanarwa, ta haɗa shi. Komorowski ya shigo da dabarar cikin Prolog a 1981, sai a 1991 Lloyd da Shepherdson suka kafa sharuɗɗan da ke tabbatar da sabon firogiram zai ba da amsa iri ɗaya da tsohon.

Ni dai a ganina warwarewar ba ita ce wahala ba, wahalar ita ce sanin inda za a tsaya. Doka mai kiran kanta in ba a taka mata birki ba haka za a yi ta warware ta har abada, ko kuma sabon firogiram ɗin ya kumbura ya ninka na asali girma, gudun da ake nema ma a rasa shi. Ga kuma umarnin cut mai katse neman wasu amsoshi da write mai rubuta sakamako, waɗanda da zarar ka sauya jerin aiki sun sauya maka sakamako, shi ya sa wallahi nake jinjina wa Dan Sahlin da ya gina Mixtus, wani firogiram na lissafin share fage, a Suwidin don ya iya da cikakken Prolog har da irin waɗannan, ba tsantsar dokoki kaɗai ba.