Ƙwarin da suka shanye mini wake a Kumo

A daminar bara na shuka wake a gonarmu ta gado da ke wajen garin Kumo a jihar Gombe, irin nan SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019. Abin da ya ja ni gare shi shi ne tsutsar nan mai huda fure da kwanso, wadda masana ke kira Maruca, ba ta iya yi masa ɓarna. Ta wannan fuskar kam bai ba ni kunya ba. Wake ya yi kore shar, ya yi fure, ya zuba 'ya'ya har na fara lissafin buhuna.

Sai a farkon watan Oktoba na ga kwanso yana yamushewa tun yana ɗanye. In ka ɓare, ƙwayar ta motse, wata ma ta yi duhu. Babu rami, babu kashin tsutsa, babu saƙar da take haɗa ganye da ita. Na kai wa Baffana guda biyar a tafin hannu. Ya jujjuya su, ya ce, "Wannan ba cin tsutsa ba ne, ɗana, tsotsa ce. Ka sammako kafin raɓa ta bushe, za ka ga mai aikin." Na ce, "To, Baffa, Allah ya kai mu."

Washegari bayan sallar asuba na shiga gona da kwalba da rular ɗana ta makaranta. Sanyin safiya yana kashe musu jiki, shi ya sa kamun bai yi wuya ba. Na farko da na kama babba ne, baƙi, tsawonsa ya kusa santimita 3, yana fitar da wari mai hawa kai. Na ɗauki hotonsa na saka a wata manhajar waya mai gane ƙwari, ta ce mini sunansa Leptoglossus occidentalis. Na kusa yarda, don a hoto sun yi kama. Da na karanta bayaninsa sai na tsaya. Asalinsa daga yammacin Amurka ta Arewa yake, an fara ganinsa a Turai a Italiya a 1999, kuma abincinsa 'ya'yan itatuwan fayin, masu ganye kamar allura. Me zai kawo shi gonar wake a ƙaramar hukumarmu ta Akko, inda kuka da tsamiya da ɗorawa ne itatuwanmu?

Sai na koma kan ƙafarsa ta baya, na dube ta da kyau. Na Amurkan ƙwaurinsa ne ya baje kamar ganye. Nawa kuwa cinyar ce ta kumbura ta lanƙwashe kamar lauje, da ƙaya babba a jikinta. Wannan siffar namijin Anoplocnemis curvipes ce, wanda ya bazu a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kuma an daɗe da saninsa a kan wake. Macen kuwa cinyarta ba ta kai haka kauri ba, har na fara ɗaukarta wani ƙwaro dabam sai da na gan su tare.

Amma ba shi ne ya fi yi mini ɓarna ba. Girmansa ne kawai ya ɗauke mini ido. Da na tsuguna na ɗaga kwanso ɗaya bayan ɗaya, sai ga wasu ƙanana, kamar santimita 1, masu launin ƙasa da toka-toka, sun yi cincirindo a ƙarƙashi, manya da 'ya'yansu. Da gilashin ƙara girma na ga bayansu lulluɓe da gashi laushi-laushi, ƙaya a kafaɗu biyu, ƙananan ƙayoyi jere a gefen ciki, cinyar baya kuma siririya daga sama ta yi kauri a ƙarshe kamar kulki. Clavigralla tomentosicollis ke nan. Yana da ɗan'uwa a Indiya, Clavigralla gibbosa, da ke addabar waken turawa, kuma a hoto sun yi kama. Sai da na tambayi ƙasar da kowanne yake na raba su. Malamin gonan yankinmu da na kai wa kwalbar ya tabbatar mini da namu ne.

Na uku ya ba ni wahala, don da ka matso sai ya tashi fir. Siriri ne, ruwan ƙasa mai haske, da zane fari ko rawaya a gefen jikinsa, ƙafar baya da ƙayoyi. Shi ne Riptortus dentipes. Abin da ya fi ba ni mamaki 'ya'yansa. Kwana da kwanaki ina ganin wasu abubuwa kamar cinnaku suna yawo a kan kwanso ban kula su ba. Da na kifar da ɗaya a kan farar takarda, sai ga dogon baki kamar allura kwance a ƙirjinsa. Cinnaka ba shi da wannan. Da allurar nan dukkansu suke soka kwanso su zuƙe ƙwayar, shi ya sa ba a ganin rami.

Bakin nan ne kuma ya nuna mini kuskuren da har yanzu yake damuna. A ranar farko na murƙushe wasu ƙwari masu siririn wuya da ɗan ja a jiki, a zatona duk kanwar ja ce. Malamin gona ya ɗauki ɗaya da ya rage a kwalbar ya ce, "Malam, dubi bakinsa." Gajere ne, kakkaura, a lanƙwashe, bai kwanta a ƙirji ba. Mafarauci ne, ƙwari yake kamawa ya tsotse, ba wake ba. Ashe masu taya ni aiki na kashe. Ya kuma gargaɗe ni kada in riƙe shi da hannu, don sukarsa da zafi.

Na yi feshi da maganin da ya rubuta mini, da yamma bayan iska ta kwanta, na ceci abin da ya saura. Irin da na shuka ya tare tsutsa kamar yadda aka faɗa, masu tsotsa kuwa ba aikinsa ba ne, ni ne na saki jiki na daina leƙa gona.

Bana tun da wake ya fara ɗaura kwanso nake zagawa sau biyu a mako da kwalba da rula. Na ware littafi ina rubuta tsawo, launi, siffar ƙafar baya da yadda baki yake, kafin in taɓa waya. Ranar Talatar da ta wuce na tarar da ƙwai jere a bayan wani kwanso a kunya ta huɗu. Na tsinke shi na sa a kwalba, na rufe bakinta da ƙyalle, ina jiran in ga abin da zai fito.