Abin da awon gonaki ya koya mini game da sayen ƙasa a wata jiha

Yawancin masu nemana in auna musu gona a wata jiha da rani suke zuwa. An gama girbi, an sayar da amfani, kuɗi ya shigo hannu, hanya ta bushe, mota tana kaiwa har bakin daji. Sai mutum ya taso daga Kano ko Funtuwa ko Gusau, dillali ya kwashe shi zuwa wani ƙauye a bayan Lafiya ko Doma, ko wajajen Kontagora, ko can Gassol ta jihar Taraba, ya nuna masa fili iya ganin ido, ya faɗa masa kuɗin da bai kai na fuloti ɗaya a birni ba. A watan Fabrairu kuwa kowace ƙasa kyakkyawa ce. An ƙone ciyawa, toka ta rufe ko'ina baƙi ƙirin, wanda ya saba da jigawar Arewa sai ya ɗauka ya dace da ƙasar da ba ta neman taki.

Ni safiyo ne, aikina in kafa turaku in fitar da taswira. Amma da yake ni ake komawa wa idan magana ta taso bayan ciniki, a hankali na fahimci cewa yawancin rigingimun nan tun ranar zaɓen wuri aka shuka su.

Duk wanda ya nemi shawarata yanzu, ce masa nake ya jira Agusta. Idan ya ce ba zai iya jira ba, sai mu nemi sawun Agusta a cikin rani. Ana duba gindin itatuwa, domin ruwan da ya kwanta yakan bar zoben laka a jikin ɓawo, wani lokaci daidai ƙugun mutum, kuma za ka ga busasshiyar ciyawa da tsummokara da ledoji sun sarƙe a rassan da ke sama da kai. Sannan a duba inda mutanen ƙauyen suka kafa gidajensu. Idan duk sun tattare a kan tudu sun bar wannan shimfiɗaɗɗen filin, ba don sun kasa ganin kyansa ba ne. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna iya inda kogin Binuwai yake kaiwa, tun daga Adamawa da Taraba har ya gangara Lakwaja, musamman idan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. A jihar Neja kuma akwai Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, kuma ƙauyukan da ke ƙasa da su sun san abin da buɗe ƙofar dam yake nufi. Ba ina kushe fadama ba ne. Mai son shinkafa da noman rani ita zai nema. Sai dai ya sani fadama ya saya, ya nemi tudun da zai ajiye iyali da rumbu.

Ƙasar kanta ba ta ɓoye halinta ga wanda ya ɗauki magirbi ya haƙa rami mai zurfin hannu a wurare uku ko huɗu. Sau da yawa taƙi ɗaya ne na baƙar ƙasa a sama, ƙarƙashinsa marmara ce ko tsakuwa zalla. Inda gamba ta yi tsayi, ƙasar ta huta. Inda tofa ta mamaye, a shirya kashe kuɗi, domin saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa har ta huda doya da rogo. Wuta-wuta a cikin kututturen dawar bara kuwa shaida ce an tatse gonar. Ga kuma abin da mutanenmu ba sa sa wa a lissafi: ruwan da ya fi na gida yawa shi ke tayar da ciyawar da ta fi ta gida yawa. Noman da kake yi sau biyu a Kano ka huta, a Nasarawa sai ka ƙara, ko ka dogara da feshi.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan tambayar wane ne yake sayarwa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara, ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallaka na gargajiya, kuma ba za ta wuce hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna. Wato abin da kake saye haƙƙin zama da amfani ne, kuma idan gwamnati ta karɓe wurin don aikin jama'a, diyyar amfanin gona da gini da itatuwa za ta biya, ba ta ƙasar ba. Takardar da mai unguwa ko dagaci ya buga wa hatimi tana da amfani ƙwarai, shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane, amma ita kaɗai ba ta mayar da wanda bai mallaki gona ba ya zama mai ita.

A garuruwan Musulmi, babbar matsalar ita ce gonar gado da ba a raba ba. Babban wa shi ke nomawa tun rasuwar mahaifi, kowa a ƙauyen da sunansa yake kiran gonar, shi ma har ya manta akwai ƙanne mata da suke aure a wasu garuruwa. Ranar da ɗayarsu ta ji labari ta kai ƙara gaban alƙali, cinikin ya shiga rawa, ga kuma haƙƙin shuf'a, wanda ya ba abokin tarayya damar ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason da aka sayar. A wajen Eggon da Alago da Gbagyi da Tibi da Jukun kuwa, ƙasa ta dangi ce, kuma kotunan Nijeriya sun daɗe da tsayar da cewa sai shugaban gida da manyan gidan sun yarda tare ciniki yake tsayawa. Saurayin da ke son sayen babur ba zai faɗa maka haka ba. A wasu wuraren ma abin da kai ka ɗauka saye ne, su a wurinsu aro ne mai tsawo: ka noma, 'ya'yanka su noma, amma ranar da ka fara dasa mangwaro ko kashu, ko ka zuba harsashin gini, sai a turo a ce dattawa suna son ganinka.

Na taɓa tsayawa ana kafa turakun wani bawan Allah da ya riga ya biya, sai ga wani tsoho ya zo yana dogara sanda, ya gaishe mu, ya tsaya a gindin wata ɗorawa ya ce, "Alhaji, gonar yara suka sayar maka. Wannan da waccan kaɗanyar, matan gidanmu ne ke tsinta tun zamanin kakana." Alhaji ya ce, "Baba, ai a cikin gonata suke." Tsohon ya ce, "A cikinta suke, amma ba da su aka yi ciniki ba." Kuma bisa al'adar wurin shi ke da gaskiya. Tun daga lokacin nake sa a lissafa itatuwan amfani a cikin takarda ɗaya bayan ɗaya, a rubuta na wane ne.

Hanyata yanzu ita ce ba na kafa turke sai maƙwabtan gonar na gabas da yamma da kudu da arewa suna tsaye, mu taka iyakar da ƙafa tare. Dillalai ba sa son wannan, sukan ce ɓata lokaci ne. A wannan tattakin ake gane girman gonar na gaskiya, domin ekar dillali ba ta da ma'auni, da hannu ake nuna ta. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi, kuma na sha ganin "eka ɗari" ta tsuke sosai da zarar na'ura ta zagaya ta. A nan kuma ake ganin burtali. Doguwar hanya ce mai faɗi da ƙasarta ta daddage, ga tsohon kashin shanu, takan nufi rafi ko mashaya. Da rani sai ka ɗauka fili ne da ba mai shi. Tun 1965 tsohuwar gwamnatin Arewa ta yi dokar wuraren kiwo, ga gandun dajin gwamnati da aka shata tun zamanin Turawa, kuma da yawansu an cinye gefensu ana sayarwa. Wanda ya shuka masara a kan burtali ya saya wa kansa husuma ta kowace shekara, kuma a wasu yankunan ba a asarar amfani take tsayawa ba.

Bayan awo, sai a kai lambobin wurin ofishin ƙasa na jihar a ɗora su a kan taswirar gwamnati: NAGIS a Nasarawa, KADGIS a Kaduna, NIGIS a Neja. A nan ake sanin ko wurin yana cikin gandun daji, ko an riga an ba wani, ko hanya za ta bi ta kai. Masu sha'awar gefen Abuja su lura da kyau, ƙasar babban birnin tarayya ta gwamnatin tarayya ce tun dokar 1976, minista ne ke bayarwa, takardar sarkin ƙauye ba ta hana rusau. Ma'adinai ma duk na tarayya ne, kuma yadda ake haƙar litiyam a Nasarawa da zinariya a Neja, yana da kyau ka san ko wani yana riƙe da lasisin abin da ke ƙarƙashin gonarka.

Maganar tsaro ba na tambayar mai sayarwa, don amsarsa ɗaya ce. Nakan duba ko makarantar firamare tana aiki, ko kasuwar ƙauyen tana ci har la'asar, ko mata suna shiga daji neman itace su kaɗai, ko malamin asibiti a garin yake kwana. Akwai gonaki masu albarka a Birnin Gwari da Shiroro da Mariga da za a ba ka a kuɗin banza, kuma kowa ya san dalili.

Wanda zai tare da iyali yana da ƙarin lissafi. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ba ta zuwa tare da gona, ko da ka shekara ashirin a wurin, kuma da ita ake neman gurbin karatu da aikin gwamnati. Ruwan sha, nisan asibitin haihuwa, masallaci da Islamiyya, ko akwai zangon Hausawa da sarkinsa wanda zai shiga gaba idan magana ta taso, duk sun fi kyan ƙasa tasiri a kan ko uwargida za ta yarda ta zauna.

Waɗanda na ga sun zauna lafiya, kusan dukansu da haya suka fara. Mutum ya karɓi eka kaɗan na damina ɗaya ko biyu, ya kama ɗaki a ƙauyen, ya je jana'iza ya je suna, ya ga nawa ɗan acaɓa yake karɓa ya fitar da buhu zuwa bakin titi idan gada ta nutse, ya san wanda ake jin maganarsa da wanda ake kauce wa. Zuwa kaka, shi da kansa ya san gonar da ake rigima a kanta da wadda ba a yi. Galibi ma ba ya bukatar dillali a lokacin, domin mai gonar da bukata ta kama shi zai biyo shi har ɗaki da dare, tare da ƙannensa, kuma kuɗin da zai faɗa na 'yan gari ne.