Ruwan da ƙafa ta raɗa wa suna

Talata, da dare.

Kalma ɗaya ce ta cinye mini yinin yau. Ina fassara wani ɗan rubutu ne a kan Tekun Wadden, wanda ya bi gaɓar Holan da Jamus da Denmak tsawon kusan kilomita 500. Na rubuta "teku", na zuba masa ido, na goge. Wane irin teku ne wannan da sau biyu a rana yake janyewa ya bar laka da yashi a fili, har mutane su naɗe wando su taka zuwa wasu tsibiran? Bayan kamar awa shida kuma wata ya sake jawo ruwan, wanda ya yi nawa ya shiga uku. Tabki bai dace ba, don ruwan gishiri ne kuma a haɗe yake da babban teku. Kududdufi kuwa ai raini ne ga wurin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2009.

Da la'asar na bi asalin sunan. Mutanen Holan suna cewa wad, Jamusawa Watt, kuma tushensu ɗaya da kalmarsu ta ratsa ruwa da ƙafa. A Latin ma akwai 'yar'uwarsu, vadum, wato inda ake ƙetare kogi ba tare da jirgi ba. Ashe ba launin ruwan suka duba ba, ba faɗinsa ba. Ƙafa ce ta gwada shi ta raɗa masa suna.

Ina karantawa a fili, ƙanwata da ke ninke kaya a gefe ta ce, "Yaya, ai mashigi ke nan." Na yi shiru. Mashigi daga shiga, kamar yadda masauki ya fito daga sauka. Gaskiyarta, dabarar ɗaya ce, kuma na ɗan ji haushi da ta riga ni.

Sai dai kafafen labarai sun riga sun karɓe kalmar. Yau in ka ce mashigi, mashigin Hormuz mutane za su hango, da manyan jiragen dakon mai, ba ruwa iya gwiwa ba.

A ƙarshe na bar Wadden yadda yake, na ƙara "gaɓar da ruwa ke janyewa a taka". Ta yi tsawo, ban so ba. Gobe da safe zan miƙa aikin, kuma har yanzu mashigi na nan a gefen takarda da fensir, na kasa gogewa.