Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Ƙahona Ya Cije

Makon jiya na tsaya ne a inda aka sa ni cikin 'yan badujala, aka miƙo mini turombon, ƙahon tagullan nan mai dogon bututu da ake ja ana turawa. Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira ke nan, 1973.

Baba Saje, mai koya mini busa, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na busa ba sai da na yi sati biyu ina wanki. "Yaro, ƙaho lallashi yake so." Bututun hawa biyu ne. Ka zare na waje, ka naɗa tsumma a tsinken ƙarfe, ka yi ta goge cikinsa har tsumman ya daina fitowa baƙi. Sannan ka lakato man Pond's kamar ƙwayar dawa, ka murza a ƙarshen na ciki inda ya ɗan fi kauri, ka yayyafa ruwa. Ruwan ne santsin, man riƙe shi kawai yake yi. Basilin kuwa sai a lanƙwasar saita murya, wadda ba kullum ake taɓa ta ba. In ka karkata ƙahon bututun bai sulale da kansa ba, koma ka sake.

To, da hunturu ya kama, ɗan Goggo da muke ɗaki ɗaya ya ɗauki ƙahona ba da sanina ba, ya antaya masa man gyaɗa, wai taimako. Ƙura ta bi man ta daskare. Da ya ji ya yi nauyi sai ya fizga, ya buga da ƙarfen gado. Lotsawar ko ƙwayar gero ba ta kai ba, amma ta isa. Matsayi 7 ne a bututun, wato wuraren da ake tsayar da shi don sauya murya. Ana tsakiyar fareti, bututun ya cije a na 4, murya ɗaya na yi ta busawa kamar jaki.

Ni na sha gwale-gwalen. Ban tona shi ba, saboda Goggo.

Kuma fa ɗan Goggon ne ranar bikin Auta ya zauna gaban surukaina yana ba da labarin, ana dariya, wai ni ne mai garaje. Lallashi, in ji Baba Saje. Na haɗiye.

Daren faretin Baba Saje ya zura sandar ƙarfe cikin bututun, yana ɗan ƙwanƙwasa lotsawar da ƙaramar guduma, fitila a hannuna. "Ɗaga fitilar, yaro." Bai tambaye ni wa ya yi ba.