Mutum ne ko bijimi?

Ban fi wata uku da fara aiki a sashen wasanni na gidan rediyonmu ba aka ɗora mini wani ɗan rahoto na minti huɗu. Makon wasan ƙarshe ne na zari-rugar Amurka, wanda suke kira Super Bowl, kuma wani mai sauraro ya aiko da tambaya: tsakanin 'yan ƙwallon kwando na NBA da 'yan zari-ruga na NFL, su wa suka fi girman jiki? Shugaban sashenmu ya miƙo mini takardar ya ce, "Kai da kake taƙama da lissafi, ga naka." Na karɓa da murna, a zatona aikin rabin awa ne.

Amurkawa ba sa awo da mita da kilo. Tsawo da ƙafa da inci suke faɗinsa, nauyi kuma da laba. Na ga an rubuta tsawon ɗan wasan NBA Giannis Antetokounmpo 6-11, sai na danna 6.11 a kalkuleta na ninka, ta ba ni santimita 186. Na manta cewa inci 12 ne ke yin ƙafa ɗaya, wato mutumin inci ɗaya kacal ya rage masa ya cika ƙafa bakwai, santimita 211 ke nan. Wannan kam Allah ya rufa asiri, wata abokiyar aikina ta leƙo takardar kafin in shiga ɗakin gabatarwa, ta ce, "Giannis ɗin da na sani ko wani ƙanensa?" Muka gyara.

Kuskure na biyu ne ya wuce mu duka. Na karanta wa duniya cewa ƙartin da ke tsayawa a sahun gaba a NFL sukan kai kilo 315. Laba 315 ce, wato kilo 143 ko kusa da haka. Da aka buɗe layi, wani dattijo ya kira, daga jin hayaniyar da ke bayansa a kara yake. Ya yi sallama a tsanake, sannan ya ce, "Ɗana, wannan da ka faɗa mutum ne ko bijimi? Don ni sana'ata ke nan." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, za mu duba." Mai kula da na'ura yana ta bayan gilashi ya kifa kai a tebur yana dariya.

Hukuncina shi ne in sake rahoton a mako mai zuwa. Na raba kowace laba da 2.2, na bi inci ɗaya bayan ɗaya, na dawo da amsa mai tsafta: ɗan NBA a matsakaici yana dab da mita biyu, nauyinsa wajen kilo 100, ɗan NFL kuwa wajen santimita 188 ne, nauyinsa ya ɗan haura kilo 110. Wancan ya fi tsawo, wannan ya fi nauyi, magana ta ƙare. Oga ya karanta, ya ajiye takardar, ya ce in je in kalli wasa guda cikakke, in dawo in gaya masa mutum nawa na gani a filin masu wannan jikin da na rubuta.

Ban ga da yawa ba. Ƙungiyar NFL tana da 'yan wasa 53, kuma in ka jera su za ka rantse ba sana'a ɗaya suke yi ba. Biyar ɗin da ke kare mai jefa ƙwallo kusan kowannensu ya haura kilo 135. Waɗanda ke bin masu cafe ƙwallo a gefen fili da yawansu ba su kai kilo 90 ba, sirara ne masu gudu kamar barewa. Da na haɗa su na raba, abin da na samu kamar a tara nauyin raƙumi da na akuya ne a ce ga nauyin dabbar gida. Lissafin daidai yake, amma babu abin da ya gaya wa mai tambaya.

Dokar wasan ce ta kawo haka, kuma nan ne na fi daɗewa. A zari-rugar Amurka ana canza 'yan wasa ba iyaka. Masu kai hari daban, masu tsaro daban, har mai buga ƙwallo da ƙafa aikinsa ke nan kawai. Kowane karo daƙiƙa kaɗan yake ɗauka, sai a tsaya a sake jeruwa, kuma wasanni 17 ne a kakar kafin zagayen fitar da gwani. Mutum mai kilo 143 zai iya zuba dukkan ƙarfinsa na daƙiƙa biyar ya huta. Tsawo ma in ya yi yawa yakan zame masa matsala, don duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa ya san wanda ya fi shiga ƙasa shi ke ciccibar abokin karawarsa.

Ƙwallon kwando ba ta ba da wannan damar. Mutum biyar ɗin da suka kai hari su ne za su juyo da gudu su tsare gida, a fili mai tsawon kusan mita 29, wasa na minti 48, sau 82 a kaka. Kwandon yana mita 3.05 daga ƙasa, saboda haka kowane inci na tsawo da na hannu riba ne, kowane kilon da bai zama dole ba kuwa gwiwa ce za ta biya. Akwai waɗanda suka fita zakka, ba a musu. Shaquille O'Neal ya haɗa santimita 216 da wajen kilo 147. A 1987 ƙungiyar Washington ta haɗa Manute Bol ɗan Sudan mai santimita 231 da Muggsy Bogues mai 160 a riga ɗaya. Amma yawancin 'yan NBA ƙirarsu ɗaya ce, dogaye marasa tumbi, sai dai wani ya ɗara wani.

Wani abin da ban zata ba shi ne nauyin nan na 'yan sahun gaba sau da yawa kayan aiki ne, ba halitta ba. Joe Thomas na Cleveland Browns ya sha bayyana yadda yake tilasta wa kansa cin abinci don kada ya rame, kuma bayan ya yi ritaya a 2018 ya zabge har sai ka sake dubawa kafin ka gane shi. Tsawo kuwa ba a ciyo shi a kwano. Shi ya sa ake samun masu barin kwando su koma zari-ruga su yi suna, irin su Antonio Gates da ya buga kwando a jami'ar Kent State, amma da wuya ka ji an yi akasin haka.

Su kansu alƙaluman ma ba ayar Alƙur'ani ba ne. Sai a 2019 NBA ta wajabta a auna 'yan wasa ba takalmi, kuma da aka yi, wasu suka ragu, Kevin Durant kuwa da aka daɗe ana rubuta masa 6-9 ya koma 6-10. Tun daga lokacin, in na ga adadi nakan tambayi wa ya auna, da me, kuma yaushe.

A rahoto na biyu na watsar da matsakaicin gaba ɗaya, na ɗauko 'yan Najeriya biyu da suka yi tashe a zamani ɗaya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci kofin NBA da Houston a 1994 da 1995, an rubuta masa santimita 213. Christian Okoye, haifaffen Enugu, wanda ya fi kowa cin yadi da gudu riƙe da ƙwallo a NFL a 1989 yana Kansas City, tsawonsa santimita 185. Nauyinsu kusan ɗaya, wajen kilo 115. Na ce wa masu sauraro su ɗauki buhun shinkafa biyu na kilo hamsin-hamsin da ɗan ƙari, a miƙe su tsaye a jikin ɗaya, a dunƙule su a jikin ɗayan, sannan su zaɓi wanda za su yarda ya yi karo da su a guje.

Dattijon bai sake kira ba. Amma har na bar sashen, duk ranar da na shiga da takarda mai lambobi, sai mai kula da na'ura ya danna maɓallin magana ya tambaye ni, "Yau mutum ne ko bijimi?"