Tarihin Rayuwata, Kashi na 5: Azumin da Umma ta kulle ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya ne a inda Abba ya samu gidan gwamnati a Peckham muka baro ɗaki ɗayan da muke haya, to yau zan ɗora daga ƙarshen shekarar 2000. Ana yawan tambayata wai ya aka yi wadda aka haifa a Landan, ta yi firamare da sakandare a can, take Hausa haka har da karin Kananci, to amsar tana cikin wannan kashin, kuma ba labari ne mai daɗi ba daga farkonsa.

Wanda bai san Peckham ba, unguwa ce a kudancin Landan da 'yan Najeriya suka cika ta har ana ce mata ƙaramar Legas. In ka bi titin Rye Lane ranar Asabar doya ce jibge a bakin shaguna, ga ayaba, ga manja a jarka, ga busasshen kifi, ga masu kitso suna kiranka ta ko'ina. Amma fa kusan duk Yarabawa ne sai Inyamurai da mutanen Edo, mu Hausawa ba mu taka kara mun karya ba, gidajen da Umma ta sani na 'yan Arewa sai an hau bas ko jirgin ƙasa kafin a je musu. A makaranta in na ce ni 'yar Najeriya ce sai yara su yi min Yarabanci, in na ce bana ji su ce to ke wace irin 'yar Najeriya ce, wasu kuma ganin ɗan hijabina sai su ɗauka 'yar Somaliya ce. Abun yana min ciwo a lokacin gaskiya. Hausar kuma da zan ce ita ce tawa ba na iya mayarwa, Umma ta yi mana magana da Hausa mu amsa da Turanci, ni da Yaya duka, in ta yi faɗa mu yi shiru gobe mu koma. Ana tashi daga makaranta sai wasa a filin da ke ƙasan benenmu da 'ya'yan Jamaika da na Gana da na Turawa, sai duhu ya fara mu hau sama.

Ranar 27 ga Nuwamba 2000 aka kashe Damilola Taylor. Yaro ne ɗan shekara 10, sa'ana, an haife shi a Legas, a watan Agusta na shekarar suka zo Ingila da mahaifiyarsa saboda neman wa yayarsa magani. Ya fito daga laburaren Peckham da yamma zai koma gida aka soke shi da fasasshiyar kwalba a cinya, ya ja jiki har matattakalar wani bene a rukunin gidajen North Peckham, a nan ya faɗi jini ya yi ta zuba, aka ɗauke shi zuwa asibiti amma rai ya yi halinsa. Saura kwana 10 ya cika shekara 11. Sai a 2006 kotu ta samu wasu samari biyu, wa da ƙani, da laifin kisansa. Ba makarantarmu ɗaya ba kuma ban taɓa ganinsa ba, amma laburaren nan ni ma ina zuwa, hanyar nan ni ma ina bi, kuma hotonsa da ake ta nunawa a talabijin yana murmushi da kayan makaranta, wallahi kamar ɗaya daga cikin yaran ajinmu.

Daidai lokacin azumi ya kama. Na tuna Umma tsaye gaban talabijin da muciya a hannu ta kasa zama ta kasa komawa kicin, innalillahi kawai take maimaitawa. Da Abba ya dawo daga aiki cikin dare muna jinsu daga ɗakinmu, tana cewa "Malam ni dai ka mayar da mu gida, uwar yaron nan magani ta zo nema wa 'yarta aka ba ta gawar ɗanta, me muke jira?" Shi kuma a hankali yake cewa "Ki yi haƙuri, rai a hannun Allah yake, a tsakiyar zangon karatu ina zan kai su?" Bai yarda da maganar komawa ba, ita kuma ba ta sake tayar da ita ba a watan, sai dai tun daga washegari ta kafa doka. Ita za ta kai mu makaranta ita za ta ɗauko mu, da mun shigo ta murza mukulli ta sa sarƙa, ba wasan ƙasa, ba laburare, ba zuwa gidan kowa. Yaya da yake sakandare ta ba shi lokacin da zai shigo, in ya wuce da kaɗan zai tarar da ita a tashar bas da Auta a goye cikin sanyin nan.

Azumin hunturu a Landan gajere ne, a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, to kun ga ana tashinmu daga makaranta saura kaɗan a sha ruwa. Ba ka jin kiran sallah daga ko'ina, takardar jadawali ce da Abba ya karɓo daga masallacin 'yan Najeriya na Old Kent Road aka manna ta a jikin firij, ita muke dubawa da agogon kicin. A shekarar na fara kai azumi har magariba. Bayan an sha ruwa kuma sai dare ya miƙe ya ƙi ƙarewa, daga ƙarfe 4 har lokacin barci muna cikin gida, talabijin a kashe saboda labarin nan ne kullum Umma ba ta son mu gani, Abba yana wajen aiki. Ba inda zan je sai kicin wajenta.

Kicin ɗinmu ɗan tsukuku ne, mutum biyu in sun tsaya sai an goga kafaɗa, tagar duk ta yi gumi saboda tururi. Aikina na farko surfen wake, a jiƙa shi in zauna a kan ɗan kujera da roba a gabana ina murzawa ina tace dusar, ruwan famfo ya sa yatsuna su sandare. Ita kuma ta niƙa a bilenda da attaruhu da albasa, ta buga shi da ludayi sai ya tashi, tana cewa ƙosan da ba a buga ba dutse ne. Kafin ta ɗora mai sai ta buɗe taga ta ba Yaya tawul ya tsaya ƙarƙashin na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi yana fifita, don in ta fara ihu duk benen sai ya ji. Kuma duk abun da za ta ce in miƙo da Hausa ne, in na tambaya da Turanci sai ta yi kamar bango na yi wa magana. Da can in ta yi haka ficewa nake in tafi wasa, yanzu ba wajen fita, dole in nemo kalmar. Mara, matankaɗi, maburgi, gwangwani, murfi, rariya, a haka na haddace su ɗaya bayan ɗaya hannuna a jiƙe.

Umma ta iya neman kayan gida a inda ba wanda zai zata, wannan har yau ina jinjina mata. Gero wajen 'yan Indiya take samu, su ma suna cinsa, tsamiya ma a shagonsu, man shanu a gwangwani wajen 'yan Pakistan. Kunun gyaɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗar kwalba ta kanti take yinsa, ta zaɓi wadda ba a sa wa sukari ba, ta dama da 'yar shinkafa ta matsa lemon tsami. Tuwo kuma gajeriyar shinkafar da Turawa ke dafawa da madara ita take tuƙawa, ta fi kowace kamawa. Zoɓo sai da Disamba ta shigo ya cika kasuwa saboda 'yan Jamaika da shi suke shagalin Kirsimeti, su ma da citta da kanumfari suke haɗawa, ta sayo da yawa ta ajiye na shekara. Abun da ba ta taɓa samun madadinsa ba shi ne kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Yarabawa suna da tasu daddawar ta kalwa a Rye Lane amma ɗanya ce mai laima, Umma ta ce miyar kuka ba ta karɓarta, sai tamu busasshiya da Hajiya kakarmu ke aikowa daga Kano in an samu mai zuwa, a naɗe a leda kan leda a cikin gwangwanin madara. A saman kabad take ɓoye shi, in za ta ɗiba da ƙaramin cokali take aunawa saboda ba ta san yaushe wani zai zo ba.

To a cikin irin wannan saƙon ne kaset yake zuwa. Lokacin wayar salula ta GSM ba ta shigo Najeriya ba sai 2001, gidan Hajiya ba waya, kuma ita ba ta boko, don haka sai ta sa a ajiye mata rediyo mai ɗaukar murya ta yi ta magana har gefe ɗaya ya cika. Za ta fara da gaisuwa, ta kira kowa da sunan da ta raɗa masa, ta faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu da wadda aka sa wa rana, a bayanta kana jin zakara da muryar almajiri da wata tana daka. Da can ba na tsayawa saurara. A wannan azumin Umma ta dinga sa mana tsofaffin kasusuwan nan da dare, ta tsayar ta ce me Hajiya ta ce, in na kasa ta mayar baya, wani lokacin kuma ta sa tafsirin Malam Isa Waziri tana dariya ita kaɗai har sai mun matsa ta bayyana mana abun da ya faɗa. Daga nan ta shiga ba mu labarin tashe, yadda in azumi ya kai goma yara ke fitowa gida gida bayan an sha ruwa, ta tashi a tsakiyar falo ta gwada mana da ɗankwali a kugu. Rabon da in ga ta yi dariya tun kafin a kashe yaron nan.

Goman ƙarshe ta ce mu ma za mu yi wa Hajiya kaset, kuma ba ta yarda da Turanci ko kalma ɗaya ba. Na zauna gaban rediyon na ce "Hajiya ina wuni, ya ibada, ya sanyi, ni ce takwararki, na iya ƙosai." Daga nan na kakare, Umma tana raɗa min daga gefe ina maimaitawa, amma na kai ƙarshe. Yaya ya yi gaisuwa kawai ya tashi.

Akwai wata Alhaja Bayarabiya a hawa na ƙasa da mu, da can iyakarsu da Umma sannu sannu a matattakala. Bayan abun nan ita ta fara hawowa da kwanon alale ta ce a sha ruwa da shi, ta zauna ta yi kuka, ta ce ita ma 'ya'yanta maza ne. Umma ta mayar da kwanon da masa da miyar taushe, shikenan kwano ya dinga hawa yana sauka har Sallah. Suka shirya tsakaninsu, in Umma ba ta samu fita ba saboda Auta, Alhaja ta haɗo mu da nata ta rako mu har bakin ƙofa. Da ita muka je idi a Old Kent Road, Sallar ta zo 'yan kwanaki bayan Kirsimeti, ni da atamfa da rigar sanyi a sama da safa biyu, kuma a ranar wata mata ta tambaye ta 'yar waye wannan, ta ce 'yarta ce.

Ba zan ce dokar Umma ba ta yi wa kowa illa ba. Yaya yana buga ƙwallo sosai, yana cikin wata ƙungiyar yara ta unguwa, aka hana shi zuwa atisaye har suka cire sunansa, kuma ya daɗe yana riƙe da abun a ransa, ya zama mai shiru, in ya shigo ya wuce ɗaki. Ni ma ƙawayen da muke wasa a ƙasa duk muka rabu, na koma wadda ake gani ta taga. Amma ban taɓa ganin laifinta ba, ballantana yanzu da nake da nawa 'ya'yan. Mace ce a ƙasar da ba uwa ba uba, ba dangin da za ta aika su nemo mata yaro in ya yi dare, an kashe sa'an 'yarta a hanyar da 'yarta ke bi, abun da take da iko da shi kawai mukullin ƙofarta ne. Auta da ya taso bayan hankali ya kwanta an sassauta dokar, yana jin Hausa amma har yau da Turanci yake amsawa, ni kuwa kafin sanyi ya wuce na fara yi wa Umma musu da Hausa, har tana cewa da ta sani ba ta koya min ba.

Maganar komawa gida da muka ɗauka ta mutu ashe tana nan. Bayan Sallah da 'yan makonni Abba ya dawo da dare ya kira mu falo, ya ce in an yi dogon hutu a watan Yuli za mu je Kano mu ga Hajiya, amma tikiti huɗu ya saya, shi ba zai je ba, kuma da Yaya ya tambaye shi ranar dawowa sai ya kalli Umma bai ce komai ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin saukarmu a filin jirgin Malam Aminu Kano da abun da ya faru da Yaya a can.